Darasi na 9: Idan burauza ta ƙi buɗewa bayan sabuntawa

Burauza ita ce manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita: Chrome, Firefox, Opera Mini, Phoenix da ire-irensu. Da ita uba a Gangara yake duba sakamakon jarrabawar ɗiyarsa, da ita ɗalibi daga Belbeji yake neman bayanin rajista a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ita kuma sakataren ƙungiyar manoma a Tanut yake aika rahotonsa. Wata rana sai a taɓa ta, fuskar waya ta yi fari, nan take ta koma inda ta fito. Ko saƙo ya bayyana da Faransanci cewa manhajar ta tsaya. Ko a kwamfutar ofis a danna sau biyu a ji shiru. In aka bi ba'asi, sau da yawa sai a tarar an yi mizajur, wato sabuntawa, a daren jiya. Hukuncin da ake yankewa a rumfar mai caji da bakin tasha kuwa ɗaya ne: waya ta kama birus, a kai ta a formate, wato a goge ta gaba ɗaya. Wannan darasi ya tsaya a kan cewa hukuncin nan kuskure ne a mafi yawan lokuta, kuma kuskure mai tsada. Gyaran burauza yana da tsari. Ana farawa da matakin da ba ya salwantar da komai, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, goge waya kuwa ya zama na ƙarshe, in ma har an kai can.

Dalilin wannan tsari yana cikin yadda aka gina burauzar. Kashi biyu gare ta, kuma ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Na farko shi ne manhajar kanta, wadda kamfani ya rubuta, iri ɗaya ce a hannun miliyoyin mutane, kuma in ta lalace ana iya sauko da wata. Na biyu shi ne abin da ku kuka tara a cikinta: kalmomin sirri, shafukan da kuka adana, asusun da kuka shiga. Wannan ba wani kamfani da zai mayar muku da shi in ba ku haɗa shi da asusunku tun farko ba. Mutumin Damargu ba ya buƙatar dogon bayani a nan: rumbu daban, geron da ke ciki daban, kuma wanda ƙofar rumbunsa ta cije ba ya cinna masa wuta don ya huta da ƙofar. Sabuntawa ginin take taɓawa. Saboda haka idan matsala ta biyo bayanta, a ginin ya kamata a fara nema, a bar abin da ke ciki lafiya lau.

Akwai shaida a kan wannan wadda duniya duka ta gani. Ranar 22 ga Maris 2021, wayoyin Android a ƙasashe da dama suka fara rufe manhajoji da kansu, har da Gmail na kamfanin Google. Mutane da yawa sun ɗauka wayoyinsu ne suka mutu. Ashe laifin yana cikin wani ɓangare mai suna Android System WebView, wanda shi ne injin Chrome da sauran manhajoji suke ara idan za su nuna shafin intanet a cikinsu. An fitar da sabon zubi mai kuskure, wayoyi suka karɓa da kansu. Maganin da ya yi aiki a ranar shi ne cire sabuntawar WebView; washegari Google ya fitar da gyara, ya ce a sabunta WebView da Chrome. Wanda ya yi haƙurin kwana ɗaya bai yi asarar komai ba. Wanda ya ruga ya goge wayarsa ya rasa hotunansa da saƙonninsa a kan kuskuren da ba a wayarsa aka yi shi ba. Ku lura kuma da yawan sabuntawar: a 2021 Chrome ta koma fitar da babban zubi kusan kowane mako huɗu, Firefox ta riga ta da shekara guda a wannan tsari, ban da ƙananan gyare-gyare na tsakani. Abin da ake canzawa sau goma sha wani abu a shekara dole wata rana ya yi tuntuɓe.

Amma kuskuren kamfani ba shi ne abin da ya fi yawa a wurarenmu ba. Abu biyu sun fi shi. Na farko cikar waya. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a daga Bakin Birji zuwa Tenhiya Itel ne da Tecno da Infinix masu ƙaramin ciki, giga 16 ko 32, kuma tsarin Android kansa ya riga ya cinye wani kaso tun daga kwali. Sauran wurin bidiyoyin WhatsApp ne suke cika shi, wa'azi da waƙa da fim. Sabuwar burauza takan fi tsohuwa girma, kuma tana buƙatar fili don rubuta fayilolinta yayin tashi; in ba ta samu ba sai ta faɗi a bakin ƙofa. Na biyu shi ne tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth don tsimin mega. Niyyar mai kyau ce, amma manhajojin yanzu ba dunƙule ɗaya ba ne. Play Store yana ba kowace waya gutsattsarin da suka dace da injinta da fuskarta da harshenta, kuma daga Android 10 Chrome ta dogara da wani ɗakin ajiya na daban wanda take tarayya da WebView a kansa, dole lambar zubinsu ta zo ɗaya. Abin da aka turo daga wayar aboki yana iya zama rabin kaya, ko kayan wani inji dabam. Sai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi tashi.

Game da rezo akwai abin da ya kamata a gyara a fahimtar jama'a. Ana yawan cewa rezo ya yanke ana tsakiyar mizajur, shi ya sa rabi ya shiga. A waya ba haka abin yake ba: Play Store yana kammala sauko da fayil, ya tantance shi, kafin ya girka, don haka yankewar Airtel ko Moov ko Zamani takan bar tsohuwar manhaja yadda take. Abin da yankewar take haifarwa shi ne wani ɓangare ya sabunta wani ya maƙale a layi yana jira. A kwamfutar tebur kuwa ɗaukewar wutar Nigelec ko mutuwar batirin sola a daidai lokacin girkawa tana iya barin fayiloli a lalace da gaske.

Kafin a taɓa komai, sai a tantance ciwon. Burauzar da ta ƙi buɗewa daban take da wadda ta buɗe amma shafi ya ƙi zuwa. Idan ta buɗe, kuna ganin wurin rubuta adireshi, to manhajar lafiyarta ƙalau. Ku duba forfe ko ya ƙare, ku duba rezo, ku duba kwanan wata da agogo, domin na'urar da agogonta ya koma shekarun baya tana ƙin amincewa da shafuka masu tsaro, abin da ke yawan samun tsofaffin kwamfutoci idan ɗan batirin cikinsu ya mutu. Sannan ku gwada wasu manhajojin. Idan burauza kaɗai ke faɗuwa, matsalar tata ce. Idan uku ko huɗu suna faɗuwa tare, ku zargi WebView ko cikar waya. Ku kuma tambayi na kusa da ku: in wayoyi biyar a majalisa ɗaya suka kamu da ciwo ɗaya a yini ɗaya, daga kamfani ne, kuma jira yana cikin magani.

A waya, matakan da ba su da asara su ne na farko. Ku kashe ta gaba ɗaya ku kunna, ba kulle fuska kawai ba. Mutane suna raina wannan mataki don sauƙinsa, alhali yana da dalili: bayan sabuntawa wani lokaci tsohon zubi yana nan a raye a ƙwaƙwalwar waya yana karo da sabo, kashewa ce take kore shi. In bai yi ba, ku shiga Paramètres, ku duba Stockage. In wurin da ya rage bai kai giga ɗaya ba, ku kwashe bidiyoyi zuwa katin memuwa ko ku share waɗanda ba ku so, ku sake gwadawa. In har yanzu, ku shiga Applications, ku zaɓi burauzar, ku danna Forcer l'arrêt, sannan Vider le cache. A nan ne ake buƙatar natsuwa, domin maɓallai biyu ne suke maƙwabtaka. Vider le cache yana share kwafin wucin gadi na shafuka da hotuna, waɗanda burauza za ta sake samowa da kanta. Babu abinku da zai tafi. Effacer les données kuwa yana mayar da manhajar kamar ranar da aka saye ta, ya fitar da ku daga duk asusun da kuka shiga, ya share duk abin da ba a haɗa da asusun Google ba. Wanda bai iya karanta Faransanci sosai ba ya nemi wanda zai karanta masa kafin ya danna. Ba abin kunya ba ne. Bayan wannan ku buɗe Play Store ku nemi Chrome da Android System WebView, ku sabunta duka biyun in akwai sabo yana jira.

Sai matakan da suke da farashi. A shafin manhajar, a ɗigo ukun da ke sama, akwai Désinstaller les mises à jour, wanda yake mayar da Chrome zuwa zubin da waya ta zo da shi daga masana'anta. Yana warkar da yawancin abin da sabuntawa ko turi daga wata waya ya ɓata, amma wayar da kanta za ta gargaɗe ku cewa bayanan manhajar za su tafi, kuma za ku sake kashe mega don hawa zuwa sabon zubi. Saboda haka kafin ku danna, ku tabbata kun san kalmomin sirrinku. In wannan ma bai yi ba, akwai Mode sécurisé, wanda a wayoyi da yawa ake shiga ta danne alamar kashewa a fuska na ɗan lokaci. A cikinsa manhajojin da waya ta zo da su kaɗai suke aiki. Idan burauza ta tashi a can, to wata manhaja da kuka saka ce take hana ta, galibi irin masu alkawarin share waya ko ƙara mata sauri ko ba da intanet kyauta. Ku cire su ɗaya bayan ɗaya, daga ta baya-bayan nan.

A kwamfutar ofishin magajin gari ko ta makaranta ko ta mai buga takardu a kasuwa, hankalin ɗaya ne, maɓallan ne suka bambanta. A danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches ya buɗe, a rufe duk wani Chrome ko Firefox da ya maƙale a ɓoye, ko a sake kunna kwamfutar. Firefox tana da hanya mai sauƙi: a riƙe Maj yayin buɗe ta, sai ta tashi ba tare da ƙarin kayan da aka liƙa mata ba, in ta yi aiki haka, ɗaya daga cikinsu ne bai jitu da sabon zubi ba. Ana kuma duba manhajar kariya daga birus, musamman wadda ta daɗe ba a sabunta ta ba, don takan ɗauki sabon fayil a matsayin baƙo ta tsare shi. Idan ana zargin bayanan mai amfani ne suka lalace, ba a share su: ana neman jakar Default a cikin User Data na Chrome, a sake mata suna kawai, burauza ta ƙirƙiri sabuwa, in ta tashi an gano ciwon, tsohuwar jakar kuma tana nan. Sake girkawa shi ne na ƙarshe, daga shafin kamfanin kansa, kuma idan aka tambaya ko a share bayanan bincike tare da manhajar, amsar a'a ce. Kamfanonin biyu, Google mai Chrome da Mozilla mai Firefox, suna da cikakken fayil na girkawa wanda ba ya buƙatar intanet, ana iya sauko da shi inda rezo yake da ƙarfi a kawo shi a kile.

Mai gyara zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, formate minti ashirin ne kuma yana aiki. Gaskiya ne yana yawan aiki, don yana share komai har da abin da ya lalace, kuma ba na zargin masu gyara da mugunta. Mutum goma ne a gabansu kowa yana sauri. Amma lissafin nasu bai haɗa da abin da mai waya zai rasa ba. Lambobin da aka adana a cikin waya, ba a kan SIM ko asusu ba, sun tafi. Saƙonnin murya na WhatsApp, waɗanda a yau su ne shaidar bashi da cinikin dabbobi da saƙon kuɗi tsakanin gida da ƴan ci-rani a Agadas da Libiya da Aljeriya, sun tafi in ba a taɓa ajiye kwafinsu ba. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ba su sani ba: tun daga Android 5.1 a 2015, wayar da aka goge ta hanyar maɓallan gefe tana neman asusun Google ɗin da ke kanta a da kafin ta buɗe. Nawa ne daga cikinmu mai shago ne ya buɗe musu asusun ranar sayen waya, ba su san ma sunansa ba, balle kalmar sirrin? Irin wannan waya takan koma dutse a hannun mai ita, sai an sake biyan kuɗi, wani lokaci har da tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut zuwa Damagaram, ga wanda yake ƙauyukan Tarka kuwa abin ya fi haka wuya. Kuma bayan duk wannan, in asalin ciwon daga kamfani ne, waya tana komawa intanet za ta sake sauko da shi.

Wani kuma zai ce tunda sabuntawa ce take kawo wahala, a kashe ta gaba ɗaya a huta, ga tsimin mega. Wannan magana ta fi ta farko nauyi, don mega kuɗi ne, kuma wanda yake sayen forfen ɗari biyu ba zai so a cinye masa shi cikin dare ba. Sai dai burauza ita ce manhajar da ta fi kowace cuɗanya da baƙi. Duk shafin da aka buɗe saƙo ne daga wanda ba a sani ba. A Satumba 2023 an gano wata ɓaraka a yadda burauzoji suke karanta hotuna nau'in WebP, wadda ta sa hoto kawai zai iya zama hanyar kutse, kuma an tabbatar ana amfani da ita. Google da Mozilla da Microsoft duk sun fitar da gyara cikin kwanaki. Wanda ya kashe sabuntawa bai samu gyaran ba. Tsayawa a tsohon zubi ma ba ya hana lalacewa: ranar 14 ga Maris 2025 wata takardar shaidar tsaro da ke cikin Firefox ta ƙare, Mozilla kuma ta yi gargaɗi tun kafin ranar cewa zubin da bai kai 128 ba, ban da na musamman da aka gyara, zai rasa ƙarin kayansa. A ganina hanyar da ta dace da mu ita ce ta tsakiya: a hana waya sabunta kanta da mega, amma mai ita ya ɗauki alkawarin yi da hannunsa sau ɗaya a wata, ranar da ya shigo gari, batiri a cike, akwai fili a waya, rezo a tsaye. Jinkirin ƴan kwanaki ba laifi ba ne, yakan ma ba kamfani lokacin gyara kuskurensa. Jinkirin shekara ne haɗari.

Masu cewa a sauya burauza kawai suna da rabin gaskiya. Yana da kyau kowace na'ura ta kasance da burauza biyu, don in ɗaya ta faɗi a yi aiki da ɗayar, a kuma nemo gyara da ita. Ga shawara a kan zaɓin: Chrome da Edge da Opera duk a kan inji ɗaya aka gina su, Firefox ce take da nata daban, saboda haka ita ce abokiyar ajiya mafi amfani. Amma sauyawa ba ta share cikar waya, ba ta gyara WebView da sauran manhajoji suke dogara da shi.

Akwai iyakar da dole a faɗa. Wani lokaci na'urar ce aka bari a baya. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020; Chrome 109, ta Janairu 2023, ita ce ta ƙarshe da take aiki a kansa, Firefox kuma ta tsaya a zubi na 115. Kwamfutoci da yawa da suka shigo mana a matsayin na hannu ko kyautar wani shiri da wannan tsari suke tafiya. A waya, Chrome ta bar Android 7 a ƙarshen 2023, ta bar Android 8 da 9 a 2025. A irin wannan hali burauza ba ta sabunta kanta zuwa abin da na'urar ba za ta iya ɗauka ba, sai dai ta tsaya cik; matsalar tana zuwa ne idan wani ya kwafo sabon zubi da hannu ya tilasta shi. Maganin shi ne komawa zubin ƙarshe da ya dace, tare da sanin cewa na'urar ba ta samun cikakkiyar kariya, don haka kada a shigar da sirrin kuɗi ta cikinta. Formate ba ya ƙara wa Android lamba ko ɗaya.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu, kowa da wayarsa. Ba tare da danna wani maɓallin sharewa ba, ku nemo lambar Android ɗin wayar, yawan wurin da ya rage a cikinta, da shafin burauza a cikin Applications, kowa ya nuna wa abokinsa inda Vider le cache yake da inda Effacer les données yake, ya faɗi bambancinsu da bakinsa. Sannan kowa ya duba sunan asusun Google da ke kan wayarsa ya rubuta shi a littafinsa. Wanda bai san kalmar sirrinsa ba ya sanar da malami don a nuna masa yadda ake sake ta da lambar wayarsa. Shi zai rubuta sabuwar da hannunsa, kada ya faɗa wa kowa, har malamin, ya ajiye takardar a gida. A zama na gaba za mu duba yadda ake mayar da lambobin waya cikin asusu da ajiye kwafin WhatsApp.